Ɗan Ja Mai Lamba Goma

Litinin, 3 ga Yuni
Maigida ya tafi aikin kwana biyar. Ya bar mini makullin tsohuwar motar marigayi mahaifinsa, in riƙa tayar da ita kowace safiya kada batir ya mutu. "In na dawo na same ta lafiya, 'Yar Littafi, sai mu fara koyon tuƙin nan." Wata takwas ina roƙon wannan magana. Lafiya lau zai same ta.

Talata, 4 ga Yuni
Ashe babu wurin karatu kamar kujerar direba. Na kunna rediyo, na cinye babi uku. Jarumar littafin tana bakin taga tana jiran wanda zai cece ta. Zafi ne kawai matsalar.

Laraba, 5 ga Yuni
Na jona 'yar fankata a ramin kunna sigari. Ƙas. Rediyo shiru, hon shiru. Injin dai yana aiki. Ban yi kuka ba. To, kaɗan.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na je wurin Baba mai wayarin mota a ƙarshen layi. Motoci uku ne a gabansa baki buɗe, ya ce ba zai iya tashi ba. "Fiyus ne, 'yata. Kashe injin, ki leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ki ga ɗan akwati baƙi."

Na koma gida, na kwanta rigingine a cikin motar, ƙafafuna a waje. Ga su nan a jere kamar haƙora masu launi. Zanen jikin murfin ya goge, don haka ɗaya bayan ɗaya na riƙa zarewa, in ɗaga wa haske, in mayar inda na ciro. Na bakwai, ja, mai lamba goma: zaren cikinsa ya tsinke, ya yi baƙi. Ni na gano shi. Ni. Na kuma zaro wani na ƙarfe da ba a ganin cikinsa, na tafi da su duka.

A kan teburin Baba na zaɓi kore mai lamba talatin. Na ce wannan ya fi ƙarfi, ba zai sake ƙonewa ba.

Ya karɓe daga hannuna. "Shi kam ba zai ƙone ba, motar ce za ta ƙone. Aikin fiyus ya mutu domin waya ta rayu. Goma ya fita, goma zai shiga." Na ƙarfen kuwa, wai bireka ce ta gilasan tagogi: wuta ta yi yawa ta yanke, in ta huce ta dawo da kanta. "Halin matata sak," in ji shi.

Ya ba ni jajaye biyu. Na mayar da kowa gurbinsa. Hon ya yi ƙara har kajin maƙwabta suka watse.

Asabar, 8 ga Yuni
Maigida ya dawo. Muka fita zagaye, ina ta murmushi. Zafi ya dame shi, ya lalubo fankar a ƙarƙashin kujera, kafin in buɗe baki ya jona. Ƙas.

Fuskarsa ta canja. "Motar mahaifina..." Ya fara laluben wayarsa zai kira makaniki.

Na ce ya tsaya a gefe ya kashe injin. Na zare fankar, na ciro ɗan jan da ya rage daga jakata. Minti biyu. Na danna hon.

"A wane littafin kika karanto wannan?"

Da na yi shiru, da ya wuce. Sai na ji bakina yana ba shi labarin Laraba tun daga farko. Ya tayar da mota, ya juya sai gida. Na cire rai da tuƙi.

Da muka shiga, maimakon aljihunsa, sai ya ɗora makullin a kan littafina.

Litinin, 10 ga Yuni
Darasin farko. Sau huɗu motar ta mutu a hannuna, amma ban taɓa katangar kowa ba. Da yamma na sake zana taswirar akwatin, kowane fiyus da aikinsa, na manna a murfin.

Littafin yana nan shafi na tamanin, ƙonannen fiyus ɗin ne alamata. Jarumar har yanzu tana bakin taga. Ba wai ta ba ni haushi ba. Kawai dai ƙofar ɗakin ba a kulle take ba.