Hannun Hagu Ne Ya Rage Mini, Alhaji

Zuwa ga mai girma Alhaji, mai injin casar shinkafa da ke Jisonayili, Tamale.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Iddirisu na Dabokpa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babban injinka. Na je gida ban same ka ba, na je ofis Manaja ya ce kana tafiya. Shi ya sa na fito da maganar fili, don Allah a gafarce ni.

Na farko, godiya. Ranar da bel ɗin inji ya fizgi hannuna na dama ya tafi da yatsu uku, motarka ce ta kai ni asibiti. An kai rahoto ofishin leba, an biya kuɗin magani, diyyar ma ta fito, ba a ci mini ko sidi ɗaya ba. Wanda duk ya ce ka cuce ni a nan, ƙarya yake yi.

Na biyu, komawa aiki. Likita ya ce zan iya aiki mara nauyi, sai Manaja ya ajiye ni a bakin ƙofa, inda mata ke kawo shinkafa. Aikina in duba buhu in miƙa wa mai shi tikiti. Wallahi na ji daɗi. Zaman gida ya ishe ni, kullum sai "sannu, ya jiki", har na fara jin kaina tsoho.

To, a nan aka sami matsala. Hannun nan ba ya riƙe takarda, kuma ba shi da kyan gani. Na lura in mace ta hango shi sai ta yi salati ta kau da kai, wata ma mai ciki har baya ta ja. Sai na riƙa cusa shi a aljihu ina miƙa tikiti da hagu, ina cewa gafara. Amma Alhaji ka san ƙarar injin nan, ko kiran sallah ba a ji, balle gafarar Iddirisu.

Ran nan Magajiyar masu shinkafa ta zo da kanta, dattijuwa, sa'ar uwata. Abin da ta gani shi ne ƙato tsaye, hannu ɗaya a aljihu, yana miƙo mata abu da hagu. Ta ƙi karɓa, ta sa aka mayar da buhunanta cikin yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, matan da ke bayanta suka bi ta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ni ma da ɗana zan gani ya yi wa babba haka, sai ya sha mari. Kafin la'asar Manaja ya ce in je gida in huta, za a neme ni. An yi azumi an yi sallah, har yau ba a neme ni ba, albashi kuma ya tsaya.

Na uku, kuma wannan ne nake zaton ba a faɗa maka ba. Washegari na nemi gidan Magajiya a Kalpohin, na durƙusa na fito da hannun na nuna mata. Baiwar Allah nan ta yi ta hawaye, ni da na zo ba da haƙuri na koma ina ba ta baki. Da ƙafarta ta je wurin Manaja ta ce a mayar da ni, kuma matanta duk sun dawo da kayansu. Manaja ya ce sai Alhaji ya yi magana. To, wadda aka yi wa laifi ta yafe, wa kuma ake jira?

Wasu sun ce in koma ofishin leba in kai ƙara. Na san hanya, amma ban so. Na ci gishirinka da yawa, kuma ni ba rigima nake nema ba, aiki nake nema. Diyya kuɗin yatsu ce, ba za ta ciyar da gida har abada ba, kuma mai hannu ɗaya da rabi ba kowa ke ɗaukarsa ba.

Roƙona shi ne a mayar da ni bakin ƙofar nan. Na daina ɓoye hannun, zan ɗora shi a kan na hagu in miƙa da biyu, kamar yadda ake yi wa manya. Wanda ya gani zai gane. Sannan don Allah a sa wa bel ɗin nan murfi, domin na ji har yanzu a buɗe yake, kuma wanda ke tuƙa shi yanzu mai iyali ne.

Allah ya ƙara arziki, ya tsare ka da zuriyarka, ya kiyaye hannuwan duk masu yi maka aiki. In ka ga rubutun nan a karkace, a yi haƙuri, da hagu na yi shi. Ina fatan kai za ka karɓa.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Iddirisu, Dabokpa, Tamale.