Shekarar da Kaka Ya Gudu

Litinin, 3 ga Fabrairu
Na fara rubuta tarihin Kaka. Na raba shafi gida biyu: hagu abin da ya faru a duniya, dama abin da ya faru da Kaka. Goggo kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ita kuma ba ta san lambar shekara ba. Sai dai "shekarar fari", "shekarar da jirgin ƙasa ya iso". Na ce, "Goggo, wace shekara ke nan?" Ta ce, "Ke ce malamar tarihi, ki nemo." Tsohuwar nan!

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Tsufa ya fara cin ƙarfin Goggo, ni na riƙe mata kofi. Dole in hanzarta.

Talata, 11 ga Fabrairu
Ɗakin adana takardu. Ma'aikacin ya sauko mini da kundin sojojin babban yaƙi, ya hana ni taɓawa sai na wanke hannu. Ga sunan Kaka, ga lambarsa. A gefe, da jan biro: ya gudu.
Innalillahi. Shekara talatin ina buga ƙirji gaban ɗalibai, wai kakana jarumi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe kundin da ƙarfi har mutumin ya harare ni.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Ba zan gaya mata ba. Ubanta ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Bakina bai iya ajiya ba, tun ina yarinya. Ina taje mata gashi ta ce, "Malama, yau kin yi shiru, me kika haɗiye?" Sai na faɗa.
Dariya ta yi har da tari. "To da fa? Wa ya ce miki bai gudu ba?"
Wai shekarar agana ce. Labari ya kai masa cewa ciwon ya shiga gidansu, ya kwashe yara biyu. Kaka ya ajiye bindiga, ya yi kwana sha tara yana tafiya a ƙasa. Ya tarar da ita a ɗakin baya, 'yar shekara huɗu, kowa na tsoron kusantarta. Shi ya goya ta, shi ya riƙa ɗiga mata ruwa da tsumma.
Ta kamo yatsana ta ɗora kan tabon kuncinta. "Ga takardarsa nan, karanta."
Na ce gashi ne ya shiga mini ido. Ba ta yarda ba.

Talata, 18 ga Fabrairu
Na koma kan shafina. A hagu na rubuta: yaƙi, agana. A dama na daɗe riƙe da biro. Ni da nake rage wa ɗalibai maki in sun canza abin da takarda ta ce.
Na rubuta: ya dawo gida.
Gobe zan karanta mata, in ta tashi da ƙarfin saurare.