Kaset ɗin Baba da Yaya ya jefar

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Ni mace ce a Nuzla, nan Jidda aka haife ni, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi.

Mahaifinmu ya tsufa, mantuwa ta kama shi, ni nake jinyarsa. Da ƙuruciyarsa direba ne, ya daɗe yana tuƙa wani injiniya Bajamushe, shi kuwa mutumin kaset ɗaya yake sawa a mota kullum. Kiɗan Turawan da ne, taron masu goge da busa, babu waƙa babu rawa. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba kaset ɗin. Tun muna yara Baba yake gaya mana wai wanda ya tsara kiɗan ya haura tamanin lokacin, ido ya yi rauni, amma kiɗan kamar na saurayi. Mu dai dariya muke masa, muna cewa Baba ya zama Bature.

To yanzu in ba kiɗan nan ba Baba ba ya cin abinci. Da na kunna sai ya miƙe zaune, yana buga yatsu a gwiwa kamar sitiyari ne, ya buɗe baki in ba shi. Har sunana yake kira. Abin da ya fi ba ni mamaki, da kiɗan ya ƙare hankalinsa kan dawo, ya nemi ruwan alwala da kansa.

Babban yayanmu da ke unguwar Waziriyya ya zo dubiya ya tarar da mu haka. Ranar na sha faɗa. Wai tsoho yana bakin kabari, maimakon karatun Alƙur'ani na cika masa kunne da goge, in ya cika a haka me zan ce wa Allah. Na ce masa karatu muna sawa safe da yamma, ban taɓa fasawa ba, ya zauna ya ga yadda Baba yake salla bayan kiɗan. Ko zama bai yi ba, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ya zare kaset ɗin ya wurga a shara. Mutumin da sau ɗaya a wata yake leƙo mu!

Na tsamo kaset ɗin, ya fashe. Na yi ta lalube a waya har na samo kiɗan, amma Yaya ya rantse in ya ƙara ji, ranar Juma'a zai ɗauke Baba ya kai gidansa. Wallahi tsoron maganarsa ya shige ni, ban kunna ba. Yau kwana huɗu Baba shayi kawai yake kurɓa, salla sai na kama hannunsa. Ɗazu ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ina tsohon nan mai kiɗa?"

Baiwar Allah fa, ni 'yarsa. Jama'a in kunna masa, ko in bar shi a haka?