Injin Ƙuli a Gidan da Maza Ba Sa Shiga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƴa ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata miki inda kike. Mu nan lafiya lau muke. Jikokinki sun girma, ƙaramar ma ta shiga lakwal bana, ta zama ƴar makarantar boko. Na san saƙo ba ya zuwa inda kike, na kuma san masu bibiyata a waya ne za su karanta wannan. Su karanta, ba komai. Amma da ke nake, don ke ya kamata ki fara jin labarin nan.

Kin tafi kin bar ni ina shekarar ƙarshe ta karatun injiniya. To yanzu ni ke koyarwa, Inna. Madam suke ce mini, har da masu gemu.

Kin tuna lokacin da nake zuwa hutu Matameye da littattafai cike da lissafi? Kina zaune gaban turmi kina tuƙin ƙuli, kika dube ni kika ce, "To wannan karatun naki, me yake gyarawa?" Dariya na yi a lokacin. Gaskiyar magana haka aka koyar da mu: malami ya juya mana baya ya cika tablo da alli, mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Injin da muke lissafi a kansa sai dai a hoto. Da na zama malama na ga ana son in yi wa ƴaƴan mutane irin wannan, raina ya ƙi.

Sai na nemi a ba ni darasi guda na ɗaliban shekara ta biyu in tsara shi yadda nake so. Shef ɗin sashenmu dattijo ne mai kirki, amma sabon abu ba ya burge shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya ba ni shekara ɗaya. A ƙarshenta juri zai zo, wato shi da manyan malamai, su ga abin da yaran suka ƙera da hannunsu. In ya yi aiki, darasin ya zauna. In bai yi ba, in koma tablo kamar kowa, kuma kada in ƙara tayar da maganar. Na ce na yarda.

Makonnin farko ko alli ban taɓa ba. Na bi bakin kasuwa na kwaso matattun kaya: injin ban-ruwa na lambu da ya daina numfashi, tsohon injin niƙa, moto mai ƙafa biyu da ya shekara a jingine, kekuna. Na zube musu a atiliye, ɗakinmu na aikin hannu, na ce su kwance, su duba, su mayar yadda suka same shi. Wanda ya gama ya ga ƙusa ta yi saura a hannunsa, ya sake daga farko. Sun yi ƙorafi har sun gaji. Wani ya ce shi bai zo jami'a don ya zama bakanike ba, na ce masa ai bakaniken ma bai zama ba tukuna. Lissafi kuwa sai sun nema. Sai ɗalibi ya zo da ƙarfe a hannu yana tambaya me ya cinye haƙoran nan, sannan mu je gaban tablo tare. Ni ma na kafa wa kaina doka: ba na sa hannu a aikinsu. In na shiga atiliye, hannuwana a baya suke, ko da ina ganin mutum zai yi kuskure.

Abu ɗaya ya gagare ni. A ajin nan cike da samari, ƴan mata biyu ne kacal, Balkisa da Nana. Da an fara aiki sai samarin su wawashe kayan aiki, su miƙa musu bik da takarda, wai su rubuta rahoto tunda rubutunsu ya fi kyau. Na yi faɗa, na raba aiki bi da bi, na yi barazanar rage maki. Ina juya baya sai a koma gidan jiya. Balkisa ta fi kowa lissafi a ajin, amma in ta riƙe guduma sai ta riƙa waige-waige kamar ta ɗauki abin da ba nata ba. Abin yana ci mini rai, don na san wannan waigen, ni ma an sa ni na yi shi.

Da lokacin babban aiki ya zo, na ce za su ƙera abin da zai sauƙaƙa tuƙin ƙuli. Ba sai na gaya miki dalili ba. Ni ce mai shafa miki man zafi a kafaɗu in kin tashi daga gaban turmi, ni ce na ga yadda yatsunki suka daina miƙewa. Ƙawarki Hajiya Dije tana nan tana sana'ar har yau, ita da matan ƴaƴanta. Na je na gaishe ta na faɗa mata, ta ce gidanta gidanki ne, in kawo su.

Kafin mu taso, samarin sun riga sun zana nasu. Shugabansu Mutari, yaro mai kai da kuma taurin kai, ya fito da wani matsi na ƙarfe mai murɗawa, rufaffe, wanda zai tatse gyaɗa har ɗigon ƙarshe. Sun ma haɗa ƙarami na gwaji, suna ta yabon kansu.

Muka iso Matameye tsakiyar rani. Inna, kin san rani a garinmu. Alhajin Hajiya Dije yana Kano wajen neman abinci, ƴaƴansa maza duk sun bi shi, gida cike da matan aure, babu namijin da zai ce wa baƙo bismillah. Muna yin sallama Hajiya ta aiko cewa mata su shigo, maza su tsaya zaure. Mutari ya matsa bakin ƙofa yana magiya, wai awo kawai za su yi su fito. Ta amsa masa daga ciki: "Ɗan nan, ko kai ne ka gina gidan, zaure." Na so in yi dariya, na danne.

Haka aka yi ta yi duk zuwan da muka yi. Balkisa da Nana su shiga da abin awo, samari su zauna a zaure suna shan rake suna jiran labari. Hajiya Dije kuwa ba ta san wani abu wai shi ɗalibar jami'a ba. Ta ce mai son ganin tuƙi ya tuƙa. Suka soya gyaɗa, suka murje, suka kai markaɗe, suka zauna gaban turmi har tafin hannunsu ya yi ruwa.

Wata rana da la'asar Balkisa ta fito zaure da curi biyu na tunkuza, ɗaya a kowane hannu. Na dama daga turmi ya fito, mai laushi, ta murza shi ya zama ƙuli nan take. Na hagu daga matsin samari ya fito, tana taɓa shi ya wargaje kamar ƙasa. Ta ce musu matan nan ba mai kaɗai suke nema ba, da ƙulin suke riƙe gida, injin da ya busar da tunkuza ya kashe musu rabin sana'a. Ta ce kuma ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake zubawa ana tuƙi ana kallo, don haka rufaffen abu ba zai yi ba. Mutari ya fara kawo hujja daga littafi. Ta dube shi ta ce, "Kai ka gani, ko ni?" Ban taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Shi ma ina jin bai taɓa ji ba.

Suka watsar da zanen farko. Sabon da suka yi bai raba mata da turminsu ba: ƙarfe ne mai ƙafafu da ake ɗorawa a kan turmin, da muciya ta itace a tsakiya, da mariƙi a gefe daidai hannun wadda ke zaune a kujera ƴar tsugunne, sarƙar keke tana haɗa su. Nan ne suka zo mini da kansu, wai in nuna musu yadda za a lissafa haƙoran da za su sa hannun tsohuwa guda ya juya ƙullu mai kauri haka. Ranar na cika tablo tun daga wannan gefe har wancan, kuma babu wanda ya yi gyangyaɗi.

Ga abin da faɗana ya kasa, al'adar garinmu ta yi shi. Samarin suka gane cewa duk abin da zai lalace wajen gwaji, a cikin gida zai lalace, inda ƙafarsu ba ta zuwa. Na shiga atiliye wata safiya na tarar Mutari da kansa ya ɗora wa Balkisa gilashin walda a fuska, yana tsaye a gefe yana cewa ta sake, ba ta kama ba. Nana tana ƙasa tana kwance sarƙa tana mayarwa, wani yana riƙe mata bik da takarda. Na fita waje na yi hamdala.

Ranar juri ta zo. Shef da manyan malamai biyu suka taso daga birni cikin manyan riguna. Hajiya Dije ba ta canza magana don su ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Suka duba injin a waje, suka ƙwanƙwasa nan, suka girgiza can. Ɗayansu ya ce a gwada a gabansu mana. Na ce sharaɗin darasin shi ne masu sana'ar su juya shi da hannunsu, su kuwa ba za su fito gaban baƙi ba. Shef ya yi ɗan tsaki ya ce to a shiga da shi, su za su saurara ta kan katanga, ai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Aka ɗora shi a kan turmi, aka zuba ƙullu da ɗumi. Hajiya Dije ta zauna ta kama mariƙi da hannu ɗaya. Sarƙa ta fara ƙara, muciya tana juyawa, surukarta tana tsiyaya ruwan zafi. Ƙullun ya fara haɗe jikinsa, ya fara sheƙi. Sai muka ji ƙarau, sarƙa ta zame ta faɗo, komai ya tsaya.

Kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi. In ƙullu ya huce a tsakiyar tuƙi, mai ya noƙe ke nan. Ga su can a zaure sun ji shirun. Shekarata guda tana cikin turmin nan tana hucewa, ni kuwa ina ganin abin da ya faru ƙiri-ƙiri. Hajiya Dije ta ɗago ta ce, "Ke ba ke ce malamarsu ba? Sa hannu mana." Inna, wallahi yatsuna har ƙaiƙayi suke. Na damƙe su a baya na cije leɓe. In na taɓa, ko da mai ya fito, ni na san darasin bai ci ba.

Balkisa ba ta ko dube ni ba. Ta durƙusa, ta bi sarƙar da ido, ta girgiza faifan da take hawa ta ga ya karkace, ta gano ƙusar da ta saki. Ta ce Nana ta danne ƙarfen da gwiwa. Ta ɗaure ƙusar, ta ɗora sarƙar ta murza ta hau, har ta ɗaye mata fatar yatsa. Ta tsotse jinin ta ce, "Hajiya, juya." Ƙarar ta dawo. Aka ƙara ruwan zafi. Can sai ga shi yana tasowa ta gefen turmi, ja, mai ƙamshi, yana taruwa. Matan gidan suka rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. An ce mini a zaure Mutari ya miƙe tsaye bai sani ba, sai da aka ja rigarsa ya zauna.

Aka cika kwalba da mai, aka murza ƙuli aka soya, aka fitar musu da zafinsa. Balkisa ta gyara hijabinta ta bi bayan farantin, hannunta baƙi ƙirin da man sarƙa. Suka yi ta jefa mata tambayoyi. Da suka zo kan shirun da suka ji, ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi abin da ya saki, da dalilin da ya sa jijjiga ta sassauta shi, da yadda za su hana ya sake. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin ta, hawaye yana zubo mini, ban kuma share ba.

Sai ido ya koma kan Shef. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, ya ajiye. Ya ɗauki ƙuli ya gutsura, ya tauna a hankali kamar ba shi ake jira ba. Ya ƙara ɗaukar wani. Sannan ya karkaɗe hannunsa ya dube ni ya ce, "To Madam, baɗi a ƙofar gidan wa za mu zauna?"

Darasin ya zauna, Inna. Na ci. Ina faɗa miki da bakina ba tare da kunya ba, don ke kaɗai ce zan yi wa wannan alfaharin ki ce in ƙara. Ina kewarki ƙwarai, kuma a ranar nan na fi kowace rana kewarki.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninki. Allah Ya raya yaran nan, Ya sa albarka a hannuwansu. Ya sada mu a gidan da babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
ƴarki Hadiza, daga Matameye.