Hannun da Aka Ɗinke da Ciki

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Auta kuma ta fara koyon ɗinki.

Yaya, yau kwananmu goma sha biyu a asibiti. Bel ɗin injin niƙa ya fizgi hannun dama na ƙanin naki, maigidana, ya kwashe fatar bayan hannun da nama har jijiyoyi suna waje. Likita ya ce raunin ya yi zurfi, sai an rufe shi da fata mai rai, wadda jini ke gudana a cikinta. Suka yanko fatar cikinsa ta gefe uku, suka bar gefe ɗaya a manne, suka ɗinke hannun a wurin. Haka zai zauna mako uku har fatar ta saba da sabon gidanta, sannan a raba su. Likitan bai ɓoye mana ba, idan ta mutu yana iya rasa amfanin hannun.

Aiki ɗaya aka ba ni: duk awa in danna fatar da yatsa, in ga launinta ya gushe ya dawo. To kin san halina da littafi. Shekaranjiya da hantsi na kai inda jarumar ke jiran wasiƙa, shi kuma barci ya ɗauke shi, ya juya ya danne wurin. Da na ɗago kai awa biyu sun wuce, fatar ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin. Ba takalmi na ruga kiran nas. Nas ta gyara masa kwanciya, likita ya warware ɗinki biyu, muka zuba ido. Sai bayan la'asar launinta ya dawo. Nas ɗin ta ce in daina kuka, hawayena ba sa tura jini.

Na ɗauki littafin zan jefa a kwandon shara, ya hana ni. Ya ce in riƙa karanta masa a fili, duk ƙarshen babi in ajiye in danna, wai shi ma yana son jin ko wasiƙar ta iso. Ko kalma ɗaya ta faɗa bai yi mini ba, kuma wannan ya fi zafi.

Saura kwana tara a raba. A tsakiyar fatar akwai 'yar tawadar Allah da ni kaɗai na sani a jikinsa. Yanzu roƙona kullum shi ne in gan ta a bayan hannunsa, kowa ma ya gani.

Ki taya mu addu'a, kuma don Allah kada Inna ta ji zancen littafin. Ki gaishe da Yaya Babba, Goggo, da takwarata.

Taki har kullum,
Ƙanwarki