Lakar da Inna Ta Kawo daga Tsafe

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Alhamdulillahi, na samo dodon koɗi ashirin a wani ɗan gulbi da ya rage a Nahuce, ƙanana kamar ƙwayar wake. Suna cikin roba a bayan ɗakina. Dakta Isma'ila, mai duba binciken kammala digirina, ya ce in rubuta komai daga ranar da suka saka ƙwai har ranar ƙyanƙyasa, in miƙa kafin azumi. In na rasa, sai baɗi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu
Sun saka! Ɗan abu mai yauƙi manne a jikin roba, da ɗigo-ɗigo a ciki. Na gaya wa Inna Habiba, kakata, cewa kowannensu namiji ne kuma mace. Ta ce boko ya fara taɓa ni.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na dawo daga makaranta na tarar da robata a kife a rana, tas da ita. Inna ce. Ita da ba ta iya ganin mazubi da gansakuka ta wuce. Ta goge da toka da soso, ta watsa wa agwagi sauran. Wai ta taimaka mini ne, ta ga majina a jikin robar. Na faɗi maganar da bai kamata ba, na ce wanda bai je makaranta ba ya daina taɓa kayan makaranta.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Na koma Nahuce. Gulbin ya ƙafe ƙaƙaf. Kuɗin mota a banza, kuka a mota.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Jiya Inna ta tafi Tsafe, garinsu, wai gaisuwa. Yau ta dawo unguwarmu, Damba, da ƙunshi a tsohon zani, ga ƙafar nan tata mai ciwo. Busasshiyar laka ce, ta saro daga kududdufin da suke wanki suna 'yan mata. Ta dire a gabana ba ta ko dube ni ba.
“Zuba mata ruwan randa. Ba su mutu ba, kwana su kai. Da sun ji ruwa za su tashi su yi ƙwai.”
Na san suna ɓuya a laka da rani, yana cikin littafina. Amma ban taɓa tunanin in je in tono ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu
Bakwai sun fito. Yau ƙwai wuri uku. Allah na gode maka.

Laraba, 26 ga Fabrairu
Sun ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi kamar yashi mai tafiya. Inna ce ta fara gani, don yanzu ita ke gadin robar da sandarta saboda agwagi. Gansakuka ta yi kore shar, hannunta na ƙaiƙayin gogewa, amma ta daure. Gobe zan miƙa aikin.
Har yau ban ba ta haƙuri da baki ba, nauyi nake ji. A shafin godiya dai na sa sunanta sama da na Dakta. Ba za ta iya karantawa ba. Ɗazu na kai mata ruwan alwala, na tsaya ina tambayarta wane wata kwaɗi suke saka nasu. Ba ya cikin bincikena.