Tanderun da Aka Ƙera Mini da Tanon Gazuwal

Zuwa ga Shugaban masu ƙera tanderun gida na Maraɗi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni mai yin gato ce, wato kek, a unguwar Zariya. Shekara tara ina gashi a tukunya mai yashi, gawayi sama da ƙasa, kafin na sayi tanderu wajen ɗaya daga cikin mutanenka. Ba zan faɗi sunansa ba, don na gano ba shi kaɗai ke yin haka ba.

Na ɗaya. Tanderun da tano aka yi shi, gangar ƙarfen nan da ake zuba gazuwal, man dizal. Ba a ƙone shi ba, ba a kankare ba. Fenti kawai aka shafa ciki da waje, ya fito fes kamar kayan ɗakin amarya. Ba wanda ya gaya mini abin da ya taɓa zama a cikinsa.

Na biyu. Ƙanwata ta haihu a Jiratawa, na ɗauki nauyin gaton suna da cinyoyin rago biyu. Da tanderun ya yi zafi na ji wani wari. A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba: na ce sabunta ce, na ƙara banila a ƙullun, na ƙara yaji a naman. Maƙerin ya rufe da fenti, ni na rufe da ƙamshi.

Ranar suna ba wadda ta ce mini uffan. Mutanenmu ba sa kushe abinci a gaban mai shi. Sai da aka watse muka tarar da gatona a ƙarƙashin tabarmi, kowane da cizo ɗaya. Gwaggonmu ta Tsibiri kuwa, saboda kara, ta cinye nata tas, ta kwana biyu tana amai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Tun ranar ba a sake kirana suna ko biki ba. Abin da mai gato take da shi ke nan, a ci nata ba tare da an sansana ba, kuma na rasa shi.

Roƙona, ranka ya daɗe: a bar ƙera tanderu da tanon mai ko na maganin ƙwari, a daina shafa fenti a ciki, kuma a riƙa hura wuta a gaban mai saye kafin ta ɗauka.

Maƙerin ya ce in mayar da tanderun ya samo mini wata mai so. Na ƙi. Na sa an ɓalle ƙofar tanderun, an huda gindinsa, don kada wata ta gasa wa gwaggonta komai a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a hannun mutanenka. Wassalam.

Mai gato, unguwar Zariya, Maraɗi.